Saɓar tsaka: Abin da ya kamata sabon mai kiwo ya sani

Likitocin dabbobi a ƙasashen Turai da Amurka sun saba ganin tsaka da aka kawo musu wadda ta rasa yatsa ɗaya ko biyu, wani lokaci ma fiye da haka.

Galibi ba wani abu ne ya cije ta ba. Tsohuwar fatarta ce ta maƙale a lokacin saɓa, ta bushe, ta shaƙe yatsan har jini ya daina kaiwa gare shi.

Wannan matsala tana cikin waɗanda suka fi addabar mutanen da ba su daɗe da fara kiwon tsaka ba, kuma a mafi yawan lokuta tushenta yana komawa ne ga yadda aka shirya wa dabbar wurin zama da kuma irin abincin da ake ba ta.

A ƙasar Hausa dai tsaka ba abar so ba ce. Mutane da dama na ƙyamarta, wasu kuma na zarginta da gurɓata abinci. To amma a Amurka da Birtaniya da Jamus da Japan, wasu nau'o'inta sun zama dabbobin sha'awa, ana ajiye su cikin akwatunan gilashi a ɗaki, kamar dai yadda wasu ke kiwon tattabaru ko aku.

Nau'o'in da aka fi kiwo

Masana ilmin dabbobi sun ƙididdige nau'in tsaka fiye da 1,500 a duniya, sai dai kaɗan ne daga ciki ake kiwo.

Wadda ta fi shahara ita ce tsaka mai zanen damisa, wadda masana ke kira Eublepharis macularius. Asalinta daga busassun wurare masu duwatsu ne na Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya da kuma wani sashe na Iran. Wani masani ɗan Ingila, Edward Blyth, shi ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1854. Tsawonta yakan kai santimita 20 zuwa 25, kuma idan ta samu kulawa takan rayu shekara 15 zuwa 20.

Ta biyu ita ce tsaka mai tukku, daga tsibiran Niyu Kaledoniya da ke ƙarƙashin ikon Faransa a tekun Fasifik. An daɗe ana zaton ta ƙare a doron ƙasa, sai a 1994 aka sake gano ta, kuma daga nan ta bazu a hannun masu kiwo.

Ta uku kuwa 'yar Afirka ta Yamma ce, wato tsaka mai kaurin wutsiya. Ana samun ta a dazuzzuka masu ciyayi tun daga Senegal har zuwa Najeriya da arewacin Kamaru, kuma an shafe shekaru ana fitar da ita zuwa ƙasashen waje daga Ghana da Togo da Jamhuriyar Benin.

Sanin nau'in da mutum ya saya shi ne matakin farko, domin buƙatar kowace ta danshi da zafi daban take da ta 'yar uwarta.

Dalilin saɓa

Fatar ɗan Adam tana sabuntuwa ne kullum, kaɗan-kaɗan, ba tare da ya lura ba. Ta dabbobi masu jan ciki, irin su maciji da ƙadangare da tsaka, ba haka take ba.

Ɓangaren fatarsu na waje ya ƙunshi sinadarin keratin, wanda shi ne ke cikin farce da gashi. Yana da tauri, kuma ba ya buɗewa yadda zai bi girman jiki. Saboda haka sai jikin ya gina sabuwar fata gaba ɗaya a ƙarƙashin tsohuwar.

Idan sabuwar ta kammala, wani ruwa-ruwa yakan shiga tsakanin fatun biyu ya raba su. Wannan ruwa shi ne mabuɗin al'amarin. Idan jikin tsaka ba shi da isasshen ruwa, ko kuma iskar da ke kewaye da ita ta bushe ƙwarai, to rabuwar ba za ta kammala ba, sai tsohuwar fatar ta manne a wasu wurare.

Ƙaramar tsaka mai saurin girma takan yi saɓa duk bayan mako ɗaya ko biyu. Babba kuwa takan yi kusan duk bayan mako huɗu zuwa takwas, har ƙarshen rayuwarta.

Alamomin kusantowar saɓa

Alama ta farko ita ce dusashewar launi. Tsaka mai zanen damisa, wadda aka saba gani da launin rawaya da ɗigo-ɗigon baƙi, sai ta koma fari-fari kamar an barbaɗa mata toka. Wannan yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku.

A wannan lokaci takan rage cin abinci ko ta daina, ta riƙa ɓuya, kuma ba ta son a taɓa ta. Ita kuwa mai tukku, wadda ta saba hawa gilashi, takan riƙa zamewa, saboda tsohuwar fatar tafin ƙafarta ta fara saki.

Sabon mai kiwo kan ɗauka ciwo ne ya kama dabbar, alhali kuwa lafiyarta ƙalau.

Idan lokaci ya yi, tsaka takan goga hancinta a jikin dutse ko itace har fatar ta tsage, sannan ta kama ta da baki ta riƙa ja, ta zare ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire safa. Aikin kan ƙare cikin sa'a guda ko ƙasa da haka, kuma sau da yawa cikin dare ake yin sa.

Daga nan sai ta cinye saɓar. Masana na ganin tana yin haka ne domin maido da wani abu na sinadaran da ta yi asara, da kuma ɓatar da sawu daga maƙiya. Shi ya sa wani mai kiwo kan yi watanni bai taɓa ganin saɓar dabbarsa ba, sai dai ya wayi gari ya ga launinta ya ƙara haske.

Abin da ake so daga mai kiwo a waɗannan kwanaki shi ne ya ƙyale ta. Kada ya ɗauke ta, kada ya matsa mata da abinci, kada kuma ya bar ƙwari masu rai suna yawo a akwatin idan ba ta ci ba, domin gyare yakan ciji sabuwar fata.

Ɗakin danshi

Ko da yake tsaka mai zanen damisa 'yar busasshiyar ƙasa ce, ba a fili take wuni ba. Da rana tana cikin rami ko ƙarƙashin dutse, inda ƙasa ke riƙe da laima, sai magariba take fitowa. Haka ma 'yar uwarta ta Afirka ta Yamma ke tsallake rani da hunturu, lokacin da danshin iska a arewacin Najeriya kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100.

Wannan rami shi ne mai kiwo zai kwaikwaya a cikin akwati.

Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA da ke Birtaniya ta ba da shawarar danshin iskar akwatin tsaka mai zanen damisa ya kasance kashi 30 zuwa 40 cikin 100. To amma ban da wannan, dole ne a samar da wani ɗan maɓoya mai danshin da ya fi haka nesa ba kusa ba, kimanin kashi 70 zuwa 80.

Haɗa shi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ana samun robar abinci mai murfi, a huda mata ƙofa daidai shigar tsaka, a goge bakin hudar don kada ya yanke ta. Sai a shimfiɗa gansakuka mai riƙe ruwa irin wadda ake sayarwa a shagunan dabbobi, ko zaren ɓawon kwakwa, ko takardar goge hannu.

Shimfiɗar jiƙa ta ake yi a matse, yadda za ta yi danshi ba tare da ruwa ya kwanta ba. Ana duba ta kullum, a yayyafa ruwa idan ta bushe, a kuma sauya ta da zarar ta yi datti ko ta fara fumfuna.

Ana ajiye robar ne a tsakiyar akwati ko kusa da ɓangaren da ke da ɗumi. Idan aka sa ta a wuri mai sanyi, tsaka za ta guje ta.

Kuskuren da wasu ke yi shi ne jiƙa akwatin gaba ɗaya. Yawan laima ba tare da iska na shiga ba yana jawo ciwon huhu da na fata.

Ga sauran nau'o'in biyu kuwa lissafin ya bambanta. Mai kaurin wutsiya tana son danshin kashi 50 zuwa 70. Mai tukku, da yake 'yar kurmi ce, tana buƙatar kashi 60 zuwa 80, kuma akan fesa wa akwatinta ruwa da yamma, a bar shi ya sha iska da rana.

Ba a gane danshi da ido. Akwai ƙaramar na'urar auna shi mai sauƙin kuɗi, kuma amfaninta ya fi fitowa a lokacin sanyi a Turai da Amurka, sa'ad da na'urorin ɗumama ɗaki ke busar da iska.

Zafi da wurin goga jiki

Tsaka ba ta iya ɗumama jikinta da kanta, da zafin wurin da take ta dogara. Idan wurin ya yi sanyi, komai na jikinta yakan yi nawa, har da gina sabuwar fata.

Ga mai zanen damisa, ana so gefe ɗaya na akwati ya kai digiri 28 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen kuma ya tsaya a kan 24 zuwa 26, domin ta zaɓi inda ya yi mata. Duk wani abin ɗumama wuri, fitila ce ko shimfiɗar lantarki, wajibi ne a haɗa shi da na'urar daidaita zafi, saboda ƙuna tana barin tabo, tabo kuma wuri ne da saɓa ke yawan maƙalewa.

Mai tukku ba ta jure irin wannan zafi. Digiri 22 zuwa 26 ya ishe ta, kuma idan ya kai 30 yana iya halaka ta.

Haka kuma ana buƙatar dutse mai ɗan kaushi ko ɓawon itace da za ta goga jikinta, da kuma ƙaramin kwano na ruwan sha mai tsabta a ko da yaushe.

Idan saɓa ta maƙale

Kwana guda bayan saɓa, ya kamata mai kiwo ya duba dabbarsa a wuri mai haske. Wuraren da za a fi mai da hankali a kansu su ne yatsu, da ƙarshen wutsiya, da kewayen idanu, da hanci, da ramin kunne, da kuma mafitar kashi.

Guntun fatar da ya rage a baya ko a ciki ba abin tayar da hankali ba ne sosai. Hatsarin yana ga wadda ta zagaye gaɓa kamar zobe.

Yayin da irin wannan fata ke bushewa, sai ta riƙa tsukewa. Idan ba a cire ta ba, saɓa ta gaba za ta hau kanta, ta bayanta ma haka, har zoben ya yi kauri. Yatsan yakan kumbura, ya yi ja, daga baya ya yi baƙi, ya bushe, ya faɗi.

Yatsan da ya faɗi ya tafi ke nan. Wutsiyar tsaka mai zanen damisa takan sake tsirowa, ko da yake sabuwar guringuntsi ne a cikinta maimakon ƙashi, kuma ba ta kai ta farko kyau. Mai tukku kuwa ko wutsiyar ba ta sakewa.

Hanyar taimaka mata

Idan an ga ragowar fata, matakin farko shi ne a ƙara wa ɗakin danshi ruwa, a ba ta kwana guda. Sau da yawa da kanta za ta ƙarasa aikin.

Idan hakan bai yi ba, sai a jiƙa ta. Ana samun roba mai murfi da aka huhhuda don iska, a shimfiɗa takardar goge hannu, a zuba ruwa mai ɗumi na kimanin digiri 28 zuwa 30. Ruwan ya rufe yatsu kawai, kada ya wuce cikinta, domin tsaka ba gwanar iyo ba ce.

Yana da kyau a auna ruwan da ma'auni. Jikin mutum yana kan digiri 37, don haka ruwan da hannu ya ji yana da zafi ya riga ya fi ƙarfin tsaka.

Za a bar ta ciki minti 10 zuwa 15, ana kallonta, ba a matsawa ko'ina. Bayan nan sai a ɗauki tsinken auduga irin na goge kunne, a jiƙa shi, a riƙa murza fatar a hankali daga gindin yatsa zuwa ƙarshensa.

Fatar da ta jiƙu sosai tana fita ne ba gardama. Wadda ta ƙi fita kuwa ba a ja ta da ƙarfi, domin tana iya tahowa da sabuwar fatar da ke ƙarƙashinta, ko ma da farce. Sai a mai da dabbar akwatinta, a sake gwadawa washegari. Hausawa na cewa sauri ya haifi nawa.

Wajen riƙe ta, a tafin hannu ake ɗora ta, a tallafi cikinta, kuma a yi aikin a kan tebur ko a ƙasa ko da za ta yi tsalle. Ba a kama tsaka ta wutsiya, saboda idan ta tsorata takan yar da ita.

Ba a amfani da sabulu, ko man shafawa mai ƙamshi, ko almakashi, ko reza.

Batun ido

Ido shi ne wurin da ya fi buƙatar taka-tsantsan.

Yawancin nau'o'in tsaka, har da mai tukku da irin wadda ake gani a bangon ɗaki, ba su da fatar ido mai ƙiftawa. Wani siririn murfi ne garai-garai ya rufe idon, suna share shi da harshe, kuma shi ma yana fita tare da saɓa.

Mai zanen damisa da mai kaurin wutsiya kuwa suna ƙifta ido, kuma fatar cikin murfin idon nasu ita ma tana saɓa. Idan ba ta fita ba, sai ta taru ta dunƙule a kan ƙwayar idon. Dabbar takan riƙa rufe ido, ta kasa ganin ƙwaron da za ta kama, daga nan sai rama ta biyo baya.

Wannan ba aikin gida ba ne. Sa hantsaki ko tsinke a idon tsaka na iya makantar da ita, don haka likitan dabbobi ne ya kamata ya wanke shi.

Abinci da bitamin A

A shekarar 2018 likitocin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa wani bincike da suka yi a kan bayanan tsaka mai zanen damisa 112 da aka kai asibitinsu tsakanin 1985 da 2013. Sun gano cewa 52 daga cikinsu na da ciwon ido, kuma ciwon yana da alaƙa da maƙalewar saɓa a ka, da rashin ba da ƙarin bitamin A, da kuma rashin abin ɗumama wuri.

Bitamin A shi ne ke kula da lafiyar fata da ta ido. Ƙwarin da ake sayarwa don ciyar da tsaka, irin su gyare da fara da tsutsa, ba su da shi da yawa.

Masu kiwo na magance wannan ta hanya biyu. Ta farko, a ciyar da ƙwarin da karas da ganyaye kwana ɗaya ko biyu kafin a miƙa su. Ta biyu, a barbaɗa musu garin kalsiyam da na bitamin da aka yi musamman domin dabbobi masu jan ciki, bisa ƙa'idar da aka rubuta a jikin kwalbar.

Sai dai kuma yawan bitamin A shi ma guba ne, yana sa fata ta kumbura ta riƙa salewa. Saboda haka ba a ba tsaka ƙwayar bitamin ta mutane, ba a kuma ƙara adadi ba tare da shawarar likita ba.

Lokacin zuwa wurin likita

Akwai alamomin da ke nuna cewa al'amari ya wuce jiƙawa da auduga. Daga ciki akwai yatsa ko ƙarshen wutsiya da ya kumbura ko ya yi baƙi, da jini ko mugunya, da idon da ya ƙi buɗuwa, da fatar da ta ƙi fita bayan an jiƙa sau biyu ko uku.

Haka nan idan wutsiya ta fara sirancewa. A cikinta tsaka mai zanen damisa ke ajiye kitse, don haka ramar wutsiya alama ce ta cewa jiki ya fara cin ajiyarsa.

Idan kuma saɓa na maƙalewa a kai a kai duk da cewa danshi da zafi da abinci sun daidaita, to akwai yiwuwar wata cuta ce a ɓoye, kamar tsutsar ciki ko wasu 'yan ƙananan ƙwari dangin kaska da ke maƙalewa a fata.

Ba kowane likitan dabbobi ne ya ƙware a kan masu jan ciki ba, shi ya sa ake shawartar mai kiwo ya nemi wanda ya san su tun kafin buƙata ta taso. Rubuta ranar kowace saɓa da nauyin dabbar a ɗan littafi yana taimaka wa likita wajen gano lokacin da matsala ta fara.

Tsabta da doka

Irin tsakar da ake kiwo ba ta da dafi. Amma kamar sauran dabbobi masu jan ciki, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinta ba tare da ta nuna alamar ciwo ba, kuma ƙwayar tana sa mutum zazzaɓi da gudawa.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar wanke hannu da sabulu bayan taɓa irin waɗannan dabbobi ko kayansu, tare da nesanta su daga yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da masu raunin garkuwar jiki. Robar da aka jiƙa tsaka a ciki ba a mai da ita cikin kayan abinci, ba a kuma wanke ta a inda ake wanke kwanuka.

A Ingila da Wales, dokar kula da jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa duk mai kiwo alhakin samar wa dabbarsa wurin zama da abincin da suka dace da ita, da kuma kare ta daga ciwo da rauni. Dokar ta shafi tsaka kamar yadda ta shafi kare da kyanwa, kuma ana iya gurfanar da wanda ya yi sakaci a gaban kotu.